Ajiyar Nama A Ƙasar Gobir: Mu Da Kilishi, Mutanen Sisili Da Hanji

Duk malamin da ya taɓa koya wa yara lissafin watanni ya san shekarar Hijira ta gaza ta Turawa da kwana 10 ko 11. Abin da ba kowa ke lura da shi ba shi ne yadda wannan 'yar tazara take shiga har cikin madafin gidajenmu. Babbar Salla ba ta da mazauni guda cikin yanayin shekara. Ja da baya take yi sannu sannu, sai ta yi kimanin shekara 33 kafin ta komo inda ta tashi. A 2007 cikin Disamba aka yi layya, ana tsakiyar sanyi. A 2016 ta faɗo ran 12 ga Satumba, a 2019 ran 11 ga Agusta, a 2022 ran 9 ga Yuli, a 2025 kuwa ran 6 ga Yuni. Watau an yi wajen shekara goma ana yanka raguna cikin damina, sama da hadari, ƙasa da laima, ƙuda kuma ya cika gari. To, yanzu ta kama hanyar fita. A 2030 cikin Afrilu za a yi ta, lokacin da rana ke gasa ƙasa, a 2037 kuma cikin Janairu, iskar hunturu na kaɗawa.

Wannan magana ta shafi kowa, amma ta fi shafar mutanen karkara irin na Tozai da sauran garuruwan ƙasar Isa da Sabon Birni, inda wutar lantarki ba ta kai ko'ina ba, inda ta kai kuma ba ta zama har a dogara gare ta. Gidan da ba shi da firji, in nama ya sauka a cikinsa da yawa rana ɗaya, hanya uku ke gabansa: ko wuta, ko hayaƙi, ko rana. Cikin shekarun nan na damina an jingina ga wuta kaɗai, a soya, a zuba a kwalla. Yaran da suka yi wayo cikinsu da wuya su ga an shanya nama a tsakar gida kamar yadda kakanninsu ke yi. Muna ganin lokaci ya yi da za a tuna da aikin, tun masu iya shi suna da rai.

Amma kafin mu shiga ƙasar Gobir, bari mu leƙa wata ƙasa mai nisa. Mutum ya fi gane hikimar gidansu in ya ga yadda waɗansu suka ɓullo wa matsala irin tasa.

A tsakiyar Bahar Rum akwai wani babban tsibiri na ƙasar Italiya, sunansa Sisili, Larabawa kuwa suna ce masa Siƙilliyya. Tsakaninsa da gaɓar Tunisiya bai fi kilomita 150 ba. Almajiran fiƙihu suna da dalilin sanin sunansa, gama wanda ya jagoranci rundunar Musulmi da ta sauka can a shekarar 827 shi ne Asadu ɗan Furatu, alƙalin Ƙairawan, wanda ya yi karatu wurin Imamu Malik a Madina, wanda kuma a kan littafinsa ne Sahnun ya gina Mudawwana. Birnin Palermo ya shiga hannun Musulmi a 831, mulkinsu kuma bai ƙare sarai a tsibirin ba sai 1091. Mutanen wurin a yau Kirista ne, naman da suka fi ajiyewa kuwa na alade ne, wanda ya haramta gare mu. Saboda haka ba naman muke yaba wa ba, aikin hannun muke so a duba.

Suna da wani abinci da suke kira salsicca, irin abin da Bahaushe ya laƙaba wa suna tsiran-alade. Asalin kalmar daga Latin ne, ma'anarta abin da aka sa wa gishiri. Bisa al'adar ƙauyukansu, cikin tsananin sanyi ake yanka dabbar, wajen Disamba ko Janairu. Sai a zaɓi tsoka a haɗa da kitse, kamar kashi uku na tsoka da kashi ɗaya na kitse. Masu riƙe da tsohuwar hanya ba su yarda a sa naman a inji ba. A garin Lingwagulosa, wanda ke gindin Dutsen Etna mai aman wuta, a kan gungumen itace ake daddatsa shi da wuƙa, ƙanana ƙanana. Hujjarsu ita ce inji yana murje nama, ya ɗumama kitsen har ya dame, wuƙa kuwa tana barin kowane ɗan yanki da ruwansa. Sa'an nan a zuba gishiri, wajen giram 20 zuwa 25 ga kowane kilo, da masoro, da 'ya'yan wani tsiro mai ƙamshi da ke fitowa a dajinsu, wanda Larabawa ke kira shamar. A cuɗa da hannu har ya kama jikinsa. A ɗauko hanjin da aka kankare aka wanke da gishiri, a sa mazurari a bakinsa, a yi ta dura naman da babban yatsa, ana lura kada iska ta maƙale a ciki. Inda ta maƙale a huda da allura. A ɗaɗɗaure da zare gaɓa gaɓa, ko a naɗe shi kamar gammo. Wani a gasa shi a kan garwashi a ci a ranar, wani a rataye shi a ɗaki mai sanyi da iska har ya yi mako biyu ko fiye, ya bushe.

Kada a ɗauka dura nama a hanji aikin masu cin alade ne kaɗai. Musulmin Magrib suna yin nasu da naman rago, suna ce masa margez, har ma an ambace shi cikin wani littafin girki na Andalus da Magrib tun ƙarni na 13.

To, ga tambaya. Mu da muke da tumaki da awaki ba iyaka, ga Uda ga Balami, ga jar akuyar Sakkwato da Maradi wadda fatarta ta yi suna har Turai, hanji kuwa ba mu rasa shi ba, me ya sa kakanninmu ba su bi wannan hanya ba? Wani zai ce rashin sani ne. Mu ba mu ga haka ba. Fatakenmu sun san Gadamas da Tarabulus, alhazanmu sun ratsa Masar, ba abin da bai wuce ta gabansu ba. A ganinmu yanayin ƙasa ne ya raba mu da mutanen Sisili.

Wajen kashi uku cikin huɗu na ɗanyar tsoka ruwa ne, ruwan nan kuwa shi ne rayuwar ƙwayoyin da ke ruɓar da nama. Duk wata dabarar ajiya tsere ne: a fitar da ruwan kafin ƙwayoyin su yi yawa. Mutumin Sisili yana da sanyi, sanyi kuma yana daƙile ƙwayoyin, saboda haka yana iya barin nama mai kauri ya bushe a hankali cikin mako biyu. Bagobiri ba shi da wannan sarari. Cikin Afrilu zafi yakan haura digiri 40 a ƙasar Sakkwato. Naman da aka daddatsa aka cusa cikin hanji, aka toshe shi daga iska, kafin bayansa ya bushe cikinsa ya lalace. Lalacewar ma ba ta wari kaɗai ba ce. Akwai wata ƙwayar cuta da ba ta tsira sai inda babu iska, tana fitar da dafi mai shanye jijiyoyi. Wani likita Bajamushe, Justinus Kerner, ya bayyana alamunta wajen 1820 bayan ya ga mutanen yankinsu suna mutuwa don cin irin wannan abinci, a 1895 kuma wani masani a Beljiyam, Emile van Ermengem, ya gano ƙwayar kanta. Sunan da likitoci suka ba cutar, botulizim, daga kalmar Latin ta tsiran-alade aka ciro shi. Ke nan ko a ƙasar sanyin ma abin yana da haɗari in aka yi sakaci.

Sai kakanninmu suka juya lissafin. Su can suna tara nama wuri ɗaya su rufe, mu nan muna shimfiɗa shi mu buɗe. Su suna ƙara kitse, mu muna cire shi. Su suna jiran makonni, mu muna so a gama cikin kwana ɗaya ko biyu. Abin da ya haɗa mu da su shi ne gishiri, da kayan ƙamshi, da wuƙa a hannun wanda ya iya ta.

Yadda Ake Yin Kilishi

Aikin yana farawa tun wurin zaɓen nama. Tsokar cinya ake so, ta sa ko ta raƙumi, ko da yake ta rago da ta akuya ma suna yi in an sami mai haƙuri. A bi ta da wuƙa a cire kitse da jijiya da tantani kaf. Wannan ba tsantseni ba ne na banza: kitse ba ya bushewa, kuma shi ke fara ɗaci da wari in kilishi ya kwana biyu. A yanka tsokar gunduwa gunduwa, kowace kamar cikin tafin hannu biyu.

Daga nan sai aikin da ke raba gwani da ɗan koyo. Mahauci yakan riƙe gunduwar a hannun hagu, ya sa wuƙa siririya mai kaifi ya tsaga ta, ba har ya raba ta biyu ba, ya buɗe ta kamar littafi. Sa'an nan ya riƙa shiga da bakin wuƙar a kwance, yana juya naman, naman yana warwaruwa kamar ana kwance rawani, har gunduwa guda ta zama sala ɗaya mai faɗi, wani lokaci tsawonta ya fi kamu biyu. Salar kirki in ka ɗaga ta sai ka hangi hasken rana ta cikinta, ba ta kuwa huje ba. Inda aka bar kauri, nan ruwa zai ɓuya. Inda aka huda, nan za ta yage wajen juyawa. Rundawa, kamar yadda ake kiran mahauta a ƙasar Sakkwato, tun suna yara suke koyon wannan a gaban iyayensu, shi ya sa hannunsu ke tafiya kamar ba su duba ba. Mai koyo a gida kada ya ji kunya in salarsa ba ta wuce tafin hannu ba. Ƙarama mai kauri daidai ta fi babba mai tudu da kwari.

Sai shanya ta fari. A kan asabari ko gadon karan dawa ake shimfiɗawa, a ɗaga shi daga ƙasa ya kai ƙugu, don iska ta ratsa ta ƙarƙashi, ƙura da kaji da karnuka kuma su yi nisa. A shimfiɗa tun da hantsi. In saman ya ƙafe a ɓamɓare a juya, don kada ta manne wa karan. Cikin hunturu da bazara yini guda yakan isa, har sala ta yi ƙarau kamar busasshen ganye. Cikin damina kuwa sai ta kai kwana biyu ko uku ana guje-guje da ita, yawancin ɓarna kuma a nan take faruwa.

Yayin da nama ke shan rana, mata suna can suna haɗa labu. Tushensa tunkuza ce, watau gyaɗar da aka soya aka niƙa aka matse mai, kafin a murza ta a yi ƙuli-ƙuli. Wanda bai sami tunkuza ba yakan daka ƙuli-ƙuli, amma ba su zama ɗaya ba, gama ƙuli ya riga ya sha wuta. A dama ta da ruwa mai tsabta, a zuba gishiri, da barkono, da citta, da kanumfari, da masoro, da kimba, da albasa da tafarnuwa da aka niƙa. Waɗansu suna ƙara fasaƙwari, waɗansu ɗan sukari. Kowane gida da awonsa, ba kuwa mai faɗa wa maƙwabci nasa. Kaurin labu shi ne abin lura. In ya yi ruwa ba ya kama nama, in ya yi kauri sai ya yi ɓawo ya zube. A nemi kamar kaurin kunun da cokali ke ɗauka.

A tsoma busasshiyar sala a ciki har ta sha ta yi laushi, a tsamo, a shafe da hannu ko'ina ya samu, a mayar kan kara. Wannan ita ce shanya ta biyu, ba ta kai ta fari daɗewa ba. In ta bushe sai a kai ta wuta. Garwashi ake so wanda harshensa ya kwanta, ba wuta mai ci ba. A ɗora bisa waya, a juya, 'yan mintoci kaɗan, har ƙamshin gyaɗa ya tashi, man da ya rage cikin tunkuza ya fito ya yi sheƙi. Kada kowa ya tsallake wannan mataki don ganin nama ya bushe. Rana tana fitar da ruwa ne, ba ta dafawa. Wutar nan ta ƙarshe ita ke kashe abin da ƙuda da hannu suka bari.

A ƙetaren iyaka, wajen Madawa da Maradi, ana rarrabe kilishi iri uku: ja, wanda aka sa wa labunsa launi, fari, wanda aka bar shi da kalar tunkuza, da rumuzu, wanda ba a tsoma shi a labu ba sam, mai da gishiri da yaji kawai ake shafa masa. Ga mai yi a gida karo na fari, rumuzu ya fi sauƙi, kuma a nan ne ake gane ko naman kansa mai kyau ne, don ba abin da zai ɓoye aibinsa.

To, ina labarin hanjin? Ba a yar da shi. A ranar layya, kafin a taɓa tsoka, kayan ciki ake fara yi wa aiki, domin su ke riga kome lalacewa. Mata sukan tatse hanji, su juya cikinsa waje, su wanke har ruwa ya fita fari, sa'an nan su kitsa shi kamar gashi, ko su yanka tumbi su naɗe kowane yanki da shi, a tafasa da gishiri da kayan yaji, a soya. Abin mamaki, a titunan Palermo ma akwai masu naɗe hanjin ɗan rago a jikin ganyen albasa su gasa a kan garwashi, mutane na tsaye suna saye. A wannan kam da Bagobira za ta je can, ba wanda zai koya mata kome.

Sauran hanyoyin kowa ya san su. Akwai banƙare rago sukutum a jikin itace a kewaye babbar wuta da shi, kamar yadda ake yi a Sakkwato da Maradi da Yamai, ya kwana yana tsanewa, da safe a sassare a raba. Akwai suya cikin kitsen dabbar har ruwa ya ƙone. Akwai dambun nama, akwai banda. Soyayyen nama yana daɗewa in an soya shi da gaske, amma yana cin itace, yana cin mai, kuma ranar da aka sa jiƙaƙƙen hannu cikin kwallar, ranar ya fara furfura. Kilishi itacensa kaɗan ne, gama rana ce ke yin mafi yawan aikin, ba ta kuwa karɓar ko kwabo.

Wajen shari'a babu abin da ya hana. Malamai sun bayyana cewa da fari an hana ajiye naman layya fiye da kwana uku saboda waɗansu mabukata da suka sauka Madina, daga baya Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi izini a ci, a ciyar, a ajiye. Larabawa ma suna da busasshen namansu da suke kira ƙadid. Sai dai a tuna, a mazhabar Malik ba a sayar da kome daga dabbar layya, ko nama ko fata, ba a kuma biyan mahauci ladansa daga jikinta. Saboda haka kilishin layya na ci ne da kyauta. Wanda ke son na sayarwa sai ya nemi naman kasuwa ko na watanda. Kuma ajiya tana zuwa ne bayan an fitar da rabon maƙwabci da na miskini, ba kafin nan ba.

Akwai abubuwan da ke ɓata wannan aiki, ba za mu ɓoye su ba. Na farko ƙuda. Mun sha jin ana cewa rana tana kashe kome, wannan kuwa ba gaskiya ba ne. Tsohon gidan sauro da aka wanke, in aka ɗaura shi bisa shanya, ya raba gardama. Amma masu fesa maganin ƙwari kusa da nama don korar ƙuda, waɗannan guba suke ba jama'a, ko sun sani ko ba su sani ba. Na biyu gyaɗa. A 1960 talotalo wajen 100,000 suka mutu a Ingila, da aka bincika sai aka tarar dusar gyaɗar da aka kawo daga Barazil ce ta yi fumfuna, fumfunar kuma tana fitar da wani dafi da aka sa wa suna afalatoksin, mai lalata hanta. Suya ba ta kashe shi. Gyaɗar da ta yi baƙi, ko ta yanƙwane, ko take ɗaci, a tsince ta a zubar tun kafin a kai niƙa, kada a ce ai tunkuza ce, ba mai gani. Na uku dabbar kanta. Wadda ta faɗi farat ɗaya aka yi maza aka sa mata wuƙa, jini baƙi yana fita ta hanci, saifarta ta kumbura, ba ta ciyuwa, ba a ma feɗe ta. Cutar saifa ba tatsuniyar da ba ce, an tabbatar da ɓullarta a wata gona a Suleja cikin Yuli 2023, ƙwayarta kuwa shanya ba ta yi mata kome. Zamanin En'e akwai duba-gari da malamin dabbobi masu leƙa kwata, Sarkin Fawa kuma yana da ta cewa a kan abin da za a kasa a kasuwa. A gidan mutum babu mai leƙawa, sai shi da tsoron Allah.

Sai naɗi. Kilishi ya huce sarai kafin a rufe shi, in ba haka ba zai yi gumi. A sa shi cikin takarda mai tsabta, a ajiye inda iska ke shiga, ba cikin leda ba. Takardar buhun siminti ba ta dace ba, takardar jarida ma haka, ko da wannan da ke hannunku ce, gama tawada ba kayan yaji ba ce. Wanda aka yi da kyau yakan yi wata da watanni. In aka ga ya fara laushi a sake nuna masa garwashi.

Ba za mu yi maganar nama a ƙasar Isa da Sabon Birni ba mu yi kamar ba mu san halin da ta shiga ba. Ƙasa ce ta fadama da kiwo tun zamanin da Alƙalawa ke babban birnin Gobir, kafin faɗuwarta a 1808. Gulbin Rima da rassansa suna ratsa ta, shanu suna sauka daga arewa da rani, kasuwar Shinkafi ta ran Alhamis kuma tana kusa. Amma 'yan bindiga sun kore garkuna ba adadi, daga 2019 kuma dubban mutane suka ƙetara zuwa jihar Maradi, wajen Gidan Rumji, neman mafaka. Cikin Satumba 2021 Gwamnatin Jihar Sakkwato ta dakatar da cinikin dabbobi a kasuwannin ƙananan hukumomi da dama, har da Isa da Sabon Birni, ta kuma rufe hanyar Marnona zuwa Isa, Zamfara ita ma ta rufe kasuwanninta na mako, duk don a toshe wa ɓarayin shanu hanyar sayarwa. An ɗage dokokin daga baya, amma wanda aka kore wa garke dokar ba ta mayar masa da ko maraƙi ba. Magidancin da a da yake yanka rago biyu, yau in ya sami akuya guda ya gode Allah. To, a irin wannan hali ne ɓarnar ko tsoka ɗaya take zama asara ta gaske. Naman da ya bushe kuwa ba shi da nauyi, ba ya bukatar tukunya, shi ya sa ya zama guzurin fatake da alhazan ƙafa tun da.

Maƙwabtanmu sun riga mu ganin darajar abin. A 2023 hukumar kare haƙƙin fasaha ta ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci, wadda ake kira OAPI, ta yi wa kilishin Nijar rajista tare da albasar Galmi, watau sunan ya zama na masu yin sa bisa ƙa'idar da aka rubuta, kamar yadda Turawa ke yi wa cukunsu da namansu. Tsakanin Madawa da Sabon Birni kuwa ba wani bambancin hannu, dangi ne, harshe ɗaya, wuƙa iri ɗaya. Bambancin shi ne can an zauna an rubuta awo da sharuɗɗan tsabta.

Wannan rubutun ba sai an jira Gwamnati ba, malamin makaranta ma yana iya fara shi. A sayi tsoka kilo guda, a auna a gaban yara, a rubuta a allo. A roƙi wani dattijo cikin Rundawan gari ya zo ya yi musu sala, su ga yadda yake riƙe wuƙa. A shanya rabi a fili, rabi cikin gidan sauro, a sa yara biyu su ƙidaya ƙudan da ke sauka cikin minti biyar. Da la'asar a sake aunawa, su fitar da ruwan da ya tafi cikin ɗari. Washegari a auna tunkuza da gishiri da kowane kayan yaji kafin a zuba, ko da dattijon zai yi dariya ya ce shi da ido yake awo, a rubuta duka cikin littafin aji tare da kwanan wata da yanayin garin a ranar. A maimaita cikin Janairu, da Afrilu, da Agusta, a gwada sa'o'in da kowace shanya ta ci.